Wa Ya Gwada Shi Kafin a Ba Shi Makulli? Lacca a Kan Bayar da Lasisi da Soke Shi

 

Shugaban wannan zama, iyayenmu masu riƙe da sarauta, malamaina, shugabannin direbobi da na 'yan kabu-kabu da nake hangowa can baya, ɗalibai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da war haka.

An nemi in yi magana a kan lasisi, wato yadda hukuma ke ba mutum izinin tuƙi ko izinin yin wata sana'a, da yadda take karɓe abinta. Da jin batun sai mutum ya ɗauka zancen ofis ne da takardu. Amma duk wanda ya shiga mota a Tashar Illela zai nufi bakin iyaka, ko ya miƙa wa mai kemis ɗansa a yi masa allura, ya riga ya ɗora rai a kan wannan 'yar takarda. Bai san direban ba, bai san gidansu ba. Abin da ya sa ya zauna ya miƙe ƙafa shi ne zaton cewa akwai wanda ya gwada mutumin nan kafin a ba shi makulli. Maganata ta yau a kan wannan zaton take. Lasisi shaida ce: hukuma ce ta tsaya gaban jama'a ta ce ta gwada wane, ta ga ya iya. Mu kuwa a garin nan mun san hukuncin shaida. Ba a bayar da ita a kan abin da ido bai gani ba, in kuma ta bayyana an yi kuskure, janye ta ya zama wajibi.

Birnin Shehu bai jira Bature ya koya masa bayar da izini ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta littafi sukutum, Ida'un Nusukhi, don ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta gaban kowanne. Shehu Usmanu Danfodiyo kansa ya tattara silsilar malamansa a Asanidul Faƙir, kuma cikin waɗanda suka ba shi ijaza, wato shaidar izini daga malami, akwai Malam Jibril ɗan Umaru. Abin da nake so mu lura da shi a ijaza shi ne suna biyu take ɗauke da shi, na wanda aka ba da na wanda ya bayar. In ɗalibi ya fita ya yi ɓaranɓarama a fatawa, tambayar farko da ake yi ita ce, gaban wa ya yi karatu? Malami ya san mutuncinsa yana yawo a aljihun ɗalibinsa, shi ya sa ba ya gaggawar sa hannu.

A kasuwa ma haka abin yake. Sarkin Pawa ya san kowane mahauci da wanda ya koya masa riƙon wuƙa, in kuma wani ya kawo mushe rumfa, shi ke tashinsa. Sarkin Maƙera, Sarkin Aski, Sarkin Magina, kowanne yana da bakin da zai ce wane ya isa, wane bai isa ba tukuna. Babu kati, babu hoto, amma akwai hani, kuma hanin yana aiki.

Fiƙihunmu ma bai bar hanya ba mai gadi. Wanda ya sauke Risala a zaure ya wuce ta kan hukuncin dabbar da ta taka mutum ko ta ɓata dukiya tana tafiya: lamuni yana kan mai sarrafa ta, ko yana bisa, ko yana gaba riƙe da igiya, ko yana bayanta yana kora. Wanda ya yi wa mutane magani ba a san shi da ilimin magani ba, shi ma lamuni na kansa. Akwai kuma wata mas'ala ta Hanafawa da ke ba ni mamaki duk sa'ad da na tuna ta. Imam Abu Hanifa ya shahara da ƙin a ɗaure wa baligi mai hankali hannu a kan al'amuransa, ko da yana almubazzaranci da dukiyarsa. Duk da haka an ruwaito ya yarda a hana mutum uku aiki: mai fatawa marar tsoron Allah, da likita jahili, da mai hayar dabbobin sufuri wanda ya tsiyace amma yana karɓar kuɗin matafiya alhali ba shi da abin ɗaukarsu. Dalili shi ne cutarwar waɗannan ba a kansu take tsayawa ba, kan jama'a take sauka. Ku duba da kyau: mai ba da shawarar shari'a, mai magani, mai sufuri. Su ne dai waɗanda muke magana a kansu yau.

A Bagadaza, a shekarar 931, wani majinyaci ya mutu a hannun mai magani, sai Halifa Muƙtadir ya hana kowa aikin likita sai wanda Sinan ɗan Sabit ya jarraba ya ba shi takarda. Masu tarihi sun ce waɗanda aka jarraba sun haura 800. Ingila kuwa, da muka gaji tsarin lasisin tuƙi a wurinta, ta kafa dokarsa a 1903 ba tare da wani gwaji ba, biya kawai kake yi a ba ka. Sai a 1935 gwajin ya zama tilas, bayan hanyoyinsu sun ci rayuka masu yawa. Na kawo wannan ne don kada wani ya ce halinmu ne ba ya gyaruwa. Su ma sun yi fiye da shekara 30 suna sayar da takarda kafin su farga.

To yaya abin yake a Nijeriya a yau? Lasisin tuƙi hannu uku ke taɓa shi. Akwai jami'an VIO na jiha, su ke da alhakin gwada mai nema. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda gwamnatin Janar Babangida ta kafa a 1988 da Farfesa Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko; ita ke ɗaukar hoto da zanen yatsu, ta riƙe rumbun bayanai, ta buga katin. Sai hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, wadda ke karɓar kuɗin, kuma a hannunta ake karɓar katin. A ƙa'ida sai mutum ya kai shekara 18, ya shiga makarantar koyon tuƙi da hukuma ta amince da ita, ya yi zama 26, ya sami takardar kammalawa, ya ci gwajin VIO, a duba idonsa. Daga nan a ba shi takardar wucin gadi ta kwana 60 kafin katin ya fito, na shekara 3 ko na shekara 5. Mai neman na haya kuwa ana ƙara masa da takardar likita, kuma shekarun da ake nema sun fi haka. Aji-aji ne: A na babur, B na ƙaramar mota, G na tirela, har da J na masu buƙata ta musamman.

A takarda, tsarin nan ba shi da laifi. Matsalar tana inda hannuwan uku suka haɗu. Ofishi ɗaya a cikinsu ana auna ƙoƙarinsa da yawan kuɗin da ya tara wa jiha, saboda haka duk wanda aka mayar gida don ya faɗi gwaji, asara ce a littafinsa. Kuma tun da katin ba ya ɗauke da sunan wanda ya yi gwajin, ranar da direba ya kifar da mota a hanyar Gusau babu wanda za a tambaya, gaban wa ya yi karatu?

Direbobin da ke cikin ɗakin nan sun san mutumin da zan siffanta. Yana tsaye a inuwa kusa da ofis, da 'yar fayil a hammata da waya biyu a hannu. Kafin ka kashe babur ya iso. Zai ce maka, Alhaji, kawo hoto da kuɗi, sauran aikina ne, kai dai ka zo ranar ɗaukar yatsu. Ba zai tambaye ka ko ka taɓa riƙe sitiyari ba. Takardar makarantar da ba ka taɓa shiga ba za ta fito da sunanka, da zama 26 cif. Wani lokaci ma katin da zai kawo maka ba ya cikin rumbun hukuma sam, sai ranar da aka duba lambarsa a kwamfuta ka gane jabu ka saya. Ana samun wannan mutum a kusan kowane babban gari a ƙasar nan, kuma ba zai iya aikinsa ba sai da hannun wani a ciki.

Kada a ɗauka ina cewa direbobinmu ba su iya mota ba. Yawancinsu makarantar tasha suka yi, kuma makaranta ce mai wuya. Yaro zai fara da wanke mota da ɗaure kaya. Ya shekara yana canza taya, yana duba ruwa da baƙin mai, yana kwana ƙarƙashin mota a Kalambaina ana jiran lodin siminti. Wata rana ubangidansa zai jefo masa makulli ya ce matsar da ita gaba. Daga nan sai ribas, daga nan sai a bar masa sitiyari a miƙaƙƙen titi da asuba, maigida na gefe yana gyangyaɗi da ido ɗaya a buɗe. Wanda ya bi wannan hanya yana jin ciwon inji da kunne tun kafin makaniki ya buɗe. Ina girmama wannan ilimi matuƙa. Sai dai akwai abubuwan da tasha ba ta koyarwa kuma ba ta gwadawa. Ba ta auna nisan da tirela mai cikakken lodi ke buƙata kafin ta tsaya. Ba ta hana wanda ya kwana biyu bai rintsa ba kama hanya, balle wanda ya haɗiyi ƙwaya don ya kori barci. Ba ta duba ido. Dattijo mai yanar ido ko dundumi yana nan yana tuƙin dare daga Jega, shi kansa bai san iyakar abin da ya daina gani ba, ga shanu na tsallaka titi, ga motar da ta lalace an bar ta ba fitila sai ganye. Gwajin ido na minti biyar zai kama wannan, in da ana yinsa da gaske duk lokacin sabuntawa.

Alƙaluman FRSC na 2023 da na 2024 sun nuna mutum sama da 5,000 ke mutuwa a kan hanya kowace shekara. Waɗannan su ne waɗanda aka rubuta. Wanda aka ɗauka daga bakin titi aka yi masa sutura kafin la'asar a ƙauyensu, sau da yawa ba ya shiga lissafi.

Yanzu mu zo ga soke lasisi, inda nake ganin rauninmu ya fi yawa. Doka ta tanadi maki a kan kowane laifi. Rashin ɗaura bel maki 2 ne, waya a kunne ana tuƙi maki 4, tuƙi cikin maye maki 5, tuƙin ganganci maki 10, obalodi ma 10. In makin mutum ya kai 10 zuwa 14 a gargaɗe shi, 15 zuwa 20 a dakatar da lasisinsa, 21 zuwa sama a janye shi. Dokar FRSC ta 2007 ta kuma tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 7 ga wanda ya kashe rai ta hanyar tuƙin ganganci. Ina tambayar shugabannin tasha da ke nan: a cikin 'ya'yan ƙungiyarku, mutum nawa kuka sani da aka dakatar saboda makinsa ya cika? Maki ba ya taruwa sai an rubuta laifi a kan lambar lasisi. Laifin da aka sasanta a bakin titi ba ya shiga ko'ina. Wanda kuma ba shi da lasisi tun farko, kamar mafi yawan yaranmu 'yan kabu-kabu da masu keke Napep, babu abin da za a soke masa. A Ingila maki 12 cikin shekara 3 na raba mutum da tuƙi na aƙalla wata 6, kuma abin da ke sa dokar ta yi aiki shi ne kowane laifi yana isa rumbu ɗaya.

Akwai wata al'ada tamu da nake so in taɓa da ladabi, domin tushenta alheri ne. In mota ta kashe mutum, dangi sukan ce ƙaddara ce, mun yafe, a sallami direba. Allah Ya saka musu. Yafe diyya haƙƙinsu ne, babu mai ƙwace musu shi, kuma kaffarar kisan kuskure tana nan tsakanin direba da Ubangijinsa. Amma akwai haƙƙi na uku wanda dangi ba su mallake shi ba balle su yafe, shi ne haƙƙin fasinjan gobe. Hukuma ce ta shaidi mutumin nan, ita ya kamata ta zauna ta bincika ko birki ne ya tsinke, ko gudu ne, ko barci, ko ido, sannan ta yanke ko zai koma kan sitiyari da kuma yaushe. Yau abin da ke faruwa shi ne ana yin sadakar uku, mota na wurin mai gyaran jiki, kafin ta bakwai direba ya koma layi.

Lasisin sana'o'i kuwa yawancinsa a hannun tarayya yake, domin tsarin mulkin 1999 ya sa shi cikin abubuwan da Majalisar Ƙasa kaɗai ke yi wa doka. Likitoci suna ƙarƙashin MDCN, wadda asalinta ke komawa 1963. Yaron da ya gama karatun likita a Jami'ar Usmanu Danfodiyo rajistar wucin gadi ake fara ba shi, ya yi shekara ɗaya yana aiki ƙarƙashin manya, sannan a ba shi cikakkiya, kuma kowace shekara sai ya sabunta izinin aiki. Wanda ya yi karatu a waje sai ya zauna jarrabawar tantancewa, wadda aka taɓa yi a nan asibitin koyarwa na UDUTH a 2021. Malaman makaranta suna da TRCN tun 1993, injiniyoyi suna da COREN tun 1970, ma'aikatan jinya da ungozoma suna da tasu majalisar, masu harhaɗa magunguna suna da PCN, wadda ita ke ba masu kemis izini.

A kan masu kemis zan ɗan tsaya, domin su ne asibitin talaka. Izinin da ke rataye a bangon shagon na sayar da wasu magunguna ne da aka lissafa, a cikin kwalinsu na asali. Bai haɗa da allura ba, bai haɗa da ƙarin ruwa ba. Amma leƙa bayan labule a unguwanni da yawa za ka ga benci, da ƙusa a bango an rataye ledar ruwa, da yaro kwance uwarsa na yi masa fifita. Ban zo in zagi mai shagon ba, sau da yawa shi kaɗai ne a buɗe da tsakar dare, shi ne kuma mai ba da bashi. Sai dai hukuma ta shaide shi a kan abu ɗaya, jama'a sun ɗauka ta shaide shi a kan wani, ita kuma ta yi shiru.

Yadda takarda ke rabuwa da ilimi mun gan shi ƙarara a ƙarshen 2023, lokacin da ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya nuna ya sayi digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako 6, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo. Wanda ya sha wahalar karatu na gaskiya a can shi ma abin ya shafe shi, domin in shaida ta gurɓata, mai gaskiya ne ke fara biyan kuɗinta.

Amma fa kada zafin rai ya sa mu nemi a riƙa soke lasisi da ka. Lasisin mutum tukunyar gidansa ce, in ka kife ta ba shi kaɗai zai kwana da yunwa ba. Shi ya sa dokar likitoci ta raba aikin gida biyu: kwamitin bincike ya fara duba ƙorafi, in ya ga akwai abin amsawa ya tura wa kotun ladabtarwa, wadda ke iya gargaɗi ko dakatarwa ko goge suna daga rajista, wanda bai gamsu ba kuma ya tafi Kotun Ɗaukaka Ƙara. Shari'ar Dokta Okonkwo misali ce. Wata majinyaciya a Inugu ta ƙi yarda a ƙara mata jini saboda aƙidarta, likitan ya mutunta ƙinta ya ci gaba da kula da ita, ta rasu. Kotun ladabtarwa ta dakatar da shi wata 6. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin, Kotun Ƙoli ta tabbatar da rushewar a 2001, ta ce baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani. Da babu ƙofar ɗaukaka ƙara, da an ɓata wa mutumin suna a kan abin da ba laifi ba. Sashe na 36 na tsarin mulki ya ba kowa haƙƙin a saurare shi, kuma direban bas yana da wannan haƙƙi daidai da likita. A watan Oktoban 2024 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke cewa jami'an VIO na birnin tarayya ba su da hurumin tsayar da mota a hanya su ƙwace ko su ci tara. Ko mutum ya ji daɗin hukuncin ko bai ji ba, ya tuna mana cewa mai hukunta mai karya doka shi ma sai ya nuna dokar da ta ba shi iko.

Hukuma kan yi sakaci ta wata fuskar kuma. Daga 2015 zuwa 2018 an rushe majalisar MDCN ba a naɗa sabuwa ba, kotun ladabtarwa ta kasa zama, ƙorafe-ƙorafen mutane suka taru. A 2023 kuma aka kawo ƙuduri a Majalisar Wakilai cewa kada a ba likita cikakken lasisi sai ya yi wa ƙasa aikin shekara 5, don a hana su ficewa waje. Na san zafin rashin likita a Isa da Gudu da Tangaza, amma ban goyi bayan wannan ba. Lasisi amsar tambaya ɗaya yake bayarwa, ya iya ko bai iya ba. Ranar da aka mayar da shi igiyar ɗaure ma'aikaci, ko hanyar tara haraji, ko sandar dukan abokin hamayya, ya daina amsa wannan tambaya.

Abin da nake roƙo ga jiharmu bai fi ƙarfinta ba, domin gwajin tuƙi a hannunta yake. A sami fili ɗaya sananne a cikin gari inda ake gwaji a bainar jama'a, da rana tsayayya, a rubuta sunan jami'in da ya gwada kowane mutum a ajiye, yadda in haɗari ya auku za a iya komawa a duba. A yi tambayoyin da Hausa, da baki ga wanda bai yi boko ba, da ajami ga mai ajami, domin rashin Turanci bai taɓa kifar da mota ba. Ƙungiyoyin direbobi su shigo ciki, ubangidan da ya koya wa yaro mota ya sa hannu a takardarsa kamar yadda malami ke sa hannu a ijaza. A sauƙaƙa wa 'yan kabu-kabu kuɗin aji A, a kai musu rajista har inda suke taruwa, tun da sai sun shiga littafi sannan za a iya yi musu gargaɗi ko dakatarwa. Duk haɗarin da aka rasa rai a cikinsa, a riƙe lasisin direba har a gama bincike, ko dangi sun yafe, a kuma sa wa binciken wa'adi don kada mai gaskiya ya zauna wata da watanni ba abinci. Wanda aka dakatar a buɗe masa hanyar dawowa: ya koma horo, a duba idonsa, in yana ta'ammali da ƙwaya a haɗa shi da masu magani, sannan ya sake zama gwaji gaban wani jami'in daban da na farko.

Shugaban zama, a nan zan dakata don a sami lokacin tambayoyi, kuma ina so a fara ba direbobi dama.